Yadda Munka Kai wa Yaya Tumba Hoton Inna

Da sunan Allah nake farawa, shi da ya kai mu, ya kuma maido mu lafiya.

Tun da na dawo daga Gaya tabarmata ba ta huta ba. Matan Nasarawa, wadda ta zo barka da dawowa sai ta zauna, wadda ta zo aron turmi ita ma sai ta zauna, kowa da tambaya guda: "Inna Kulu, wai da gaske kin bi 'yan tsere har ƙasar Nijar?" Na faɗa, na sake faɗa, har muryata ta dushe. Shi ne na ce wa ɗiyata Hajara, tunda ita Allah ya ba karatu, ta ɗauko alƙalami. Ni ban san baƙi ba, amma na san abin da idona ya gani. Wadda ta sake tambaya, a karanta mata.

Sai na fara da yaron, don in ba ku san shi ba labarin ba zai zauna ba. Bashar jikana ne, ɗan babban ɗana. Yana aikin gwamnati a nan Birnin Kebbi, amma abu biyu ne sunka raba ransa, kuma ba ɗaya da ake biyansa.

Na farko, abin hoto. Kun san masu ɗaukar hoto yanzu sun fara barin ɗakin duhu sun koma kwamfuta. A cikin kwamfutar akwai wani babban abin gyaran hoto da Turawa sunka ƙera can ƙasarsu. To shi Bashar sai ya ƙera wani ƙarami da ake ɗaura wa babban a baya, aikinsa share tsagewa da tabo daga tsohon hoto. Ni na sa masa suna ɗan goyo, sunan kuwa ya bi shi har bakin abokansa. Kyauta yake ba da shi. Masu hoto na Jega, na Sakkwato, na Yawuri, har na ƙetaren iyaka duk suna aiki da shi. Wahalar ita ce, duk sanda Turawan sunka sake wa babban fasali sai majanyi ya kwance, goyo ya faɗi, waya ta yi ta kuka, shi kuma ya zauna ya sake ɗaurawa. Na ce masa, "Angona, wane irin ɗa ne wanga da ba a yaye shi?" Ya ce, "Amarya, ke an yaye ki daga goro?"

Na biyu, tseren daji. Ba irin na fili ba. Mutum uku-uku ake haɗawa, a ba su taswira, a sake su cikin daji. Su yi gudu da ƙafa, su hau keke, su tuƙa jirgin ruwa, su kwana inda dare ya same su. Dokarsa guda ce mai nauyi: uku kunka tashi, uku za ku iso. In ɗaya ya fasa, duka kun fasa.

Ni kuma abin da ya fitar da ni, yayata ce, Tumba. Mu biyu munka rage a ɗakinmu. Aure ya kai ta Gaya tun muna da ƙuruciya, can ta haihu, can ta tsufa, can ta binne mijinta. Sai ga saƙo cewa idonta na tafiya. Ba yanar da ake cirewa ba ce. Likita ya ce irin ciwon nan ne da ke cin gani daga gefe, yana matsowa, yana matsowa, har ya rufe. Ta aiko cewa abu ɗaya take so kafin ya rufe: ta ga fuskar Innarmu.

Hoton Inna guda ne a duniya, kuma yana hannuna. An ɗauke shi ne don takardun aikin hajji, Allah bai nufa ta je ba. Ƙarami ne, bai kai tafin hannun jariri ba. Ruwan ambaliya ya taɓa shiga kwallar da nake ajiye shi, ya koɗe, ya tsattsage kamar ƙasar fadama da rani. Na ba Bashar. Ya sa shi cikin kwamfuta, ya sakar masa ɗan goyo, ya fito da shi babba kamar faifai, sumul, ba tabo ko ɗaya. Da na gani na yi kuka. Na ce Inna ta dawo yarinya. Ya sa masa gilashi, na naɗe shi cikin zanena na sallah, shi kuma tsohon na ƙulle a bakin ɗankwali. Da ya ce tseren bana a Gaya za a yi, bayan girbin shinkafa, na ce to ga abokiyar tafiya.

Munka tashi da safe a wata bas da sunka ɗauka haya, kekuna ɗaure a kanta. Ta biyu cikin 'yan tseren ita ce Ladi, 'yar Zuru, ma'aikaciyar jinya a wani asibiti nan gari. Da farko na yi mamakin mace a wannan sha'ani, amma kafin mu wuce Ambursa ta duba ƙafata ta gaya mini abin da ke kumbura ta, na ce wagga ta fi mazan hankali. Ta roƙi hutu ne ƙayyadadde, ranar da anka gama tsere ranar za mu kwana gida, don washegari tana da aiki. Ku riƙe wannan.

Direba kuwa, Malam Sada, Bakatsine ne. Kun san mu Kabawa da su ba a gaisawa sai da tsiya. Yana jin inda na fito ya ce, "Ashe kifi na ɗauko. A buɗe taga, jama'a."

Na ce, "Tuƙa mu dai, ɗan ƙasar da ba a ganin ruwa sai a buta."

Haka munka yi ta yi har Argungu. Can munka ɗauki na ukunsu, Lawali, ɗan masunta, mai faɗin ƙirji da yawan magana. Uwarsa ba ta bar mu munka wuce ba sai da munka ci tuwon shinkafa da miyar kifi. Malam Sada da ya ce a buɗe taga, shi ya nemi ƙari. Na sayi banda don Yaya Tumba. Da munka hau gada na hango fadama ta miƙe wajen Gulma, garin da anka haifi Inna, na yi mata addu'a ban gaya wa kowa ba. Lawali kuwa yana ta cika baki, wai in anka zo wurin jirgi su Bashar su kwanta kawai su yi barci, shi ruwa ya san kakansa.

A Kangiwa reshen dogonyaro ya kama ƙahon keken Bashar a kan mota ya murɗe shi. Munka tsaya wurin wani dattijo mai gyaran keke. Ya zagaya keken, ya sake zagayawa, ya ɗaga shi da yatsa biyu, ya ce, "Ina wurin ɗaura kaya?" Anka ce babu. Ya ce, "Ina wurin ɗaukar mutum?" Anka ce babu. Ya girgiza kai ya ce, "To Allah shi kyauta." Ya miƙe ƙahon iyakar iyawarsa, ya ce ba ya lamunin sa.

A Kamba munka iske iyaka. Ni da nake jin iyaka, iyaka, na zaci katanga ce. Ashe sanda ce a gicciye da igiya, akuya na wucewa ta ƙarƙashinta ba mai tambayar ta takarda. Namu na wannan gefe sunka duba sunka sallame mu. Na can gefe kuwa, jandarma, da farko Faransanci sunka zuba mana, na tsaya kamar an dasa ni. Sunka nemi katin allurar rigakafi. Allah ya sa Bashar ya kai ni an yi mini tun a gida, ina ta faɗa a lokacin, ranar kuwa na sa masa albarka. Sai maganar kekuna: na sayarwa ne ko na hawa? Anka ce na hawa. Babbansu ya dubi Ladi ya ce har da ita? Sai ta sa anka sauke nata, ta hau ta zagaya filin, ta dawo ta tsaya cak a gabansa ba ta sa ƙafa ƙasa ba. Mata masu sayar da rake sunka ɗauki guɗa. Sai mutumin ya yi dariya, ya juyo gare ni da Hausa tsantsa, ya ce, "Iya, ke ma tseren za ki?"

Na ce, "Ni na gama nawa, ɗana. Rakiya na zo."

Ya ɗaga sandar da hannunsa.

Gaya gari ne na bakin Kwara. Ni da na tashi bakin gulbinmu na ɗauka na san ruwa, sai da na ga wannan. Mutanen ƙetare sai ka gan su ƙanana kamar tururuwa. Malam Sada ya ƙi ko kallon wajen. Mutanen garin Hausa suke ji, amma gaisuwarsu fofo ce, kowa fofo, yaro fofo, babba fofo, har na koya. Makaranta lakwal suke ce mata, a filin wata lakwal ɗin anka kafa wa 'yan tsere tantuna. Burodinsu dogo ne kamar taɓarya, ba a naɗe shi, a hammata ake ɗaukar sa, ga tauri a baya, sai an tsoma a kofi haƙorin tsohuwa ke iya masa. Suna da dambun zogale da suke kira kopto, wannan kam na yaba. Abin da ya fi ba ni mamaki, rana na take tsaka sai gari ya mutu. Ofis a rufe, shago a rufe, kowa ya tafi ya kwanta, ba a buɗewa sai wajen la'asar. Mu nan mai shago ko gyangyaɗi yake ƙofarsa a buɗe take.

Ni a gidan Yaya Tumba na sauka, wurin ɗanta da matarsa. Na iske ta zaune a kan tabarma bakin ɗaki. Na yi sallama, ta ce, "Kulu ta?" Na durƙusa. Ta kama kaina da hannu biyu tana juya nata kan a hankali, don ganin da ya rage mata kamar na mai leƙe ta kafar kara ne, ba ta ganin fuska gaba ɗaya sai gutsure-gutsure. Ta ga goshina, ta ga idona, ta gangaro. Ta ce, "Kin tsuhwa." Na ce, "Ke fa?" Munka yi dariya, munka yi kuka, anka kawo fura.

Bayan la'asar Bashar ya zo gaishe ta, na kwance zane na miƙa mata hoton. Ta matso da shi wajen haske. Ta fara daga ɗankwali. Ta sauko goshi. Ta daɗe a kan idanu, leɓenta na motsi. Sai ta gangaro kunci. Ta tsaya. Ta koma ɗaya kuncin. Ta sake dawowa. Sannan ta ajiye hoton a kan cinyarta ta ce, "Wagga ba Inna ba ta."

Na ce, "Yaya, ita ce mana."

Ta ce, "Ina zanenta?"

Jama'a, na karɓi hoton nan na duba. Kuncin Inna sumul, kamar na jaririn da wanzami bai taɓa ba. Zanen Kabawa, wanda ke tashi daga gefen baki ya bazu zuwa kunne, wanda ke fuskata, wanda ke fuskar Tumba, babu shi. Ɗan goyo ya ga layi-layi a fuska, ya ɗauka tsagewar takarda ce, ya share duka tare. Ni kuwa da na kalle shi a gida, zuciyata ce ta cika abin da babu, idona bai ƙirga ba. Shi kuma Bashar ba a yi masa zane ba, 'yan zamaninsu an daina, bai kuma taɓa ganin Inna ba.

Na kwance tsohon daga bakin ɗankwali na ba ta. Ta juya shi, ta juya shi, ta ce hazo kawai take gani.

Yaron nan ya zauna a ƙasa. Can ya ce akwai mai hoto a garin da ke aiki da ɗan goyo, bari ya nemo shi. Na ce ƙafata ƙafarka. Munka iske shi kusa da kasuwa, Mushe Idirisa suke ce masa, wato Malam Idirisa a bakin masu Faransanci, wani siriri mai tabarau. Da ya ji wai wannan ne mai ɗan goyo da kansa, sai ya rungume shi, ya aika a kawo lemo. Bashar ya nuna masa abin da ya faru. Mutumin ya ce, "Af, ai ya daɗe yana haka. Na Gobirawa, na Zabarmawa, na Arawa, duk gogewa yake."

Bashar ya ce, "Kuma ba ka taɓa gaya mini ba? Kai da in abu kaɗan ya motsa sai ka kira ni ina cikin cin abinci?"

Ya ce, "To ai na ɗauka da gangan ka yi. 'Yan mata na so. Tsofaffi ne ke maido hoton, su kuma ba su faɗin dalili, sai su ce bai yi kama ba."

Sunka zauna gaban kwamfuta har anka kira magariba, abu bai yiwu ba. In an hana shi taɓa zane sai ya bar tsagewa, in an sake shi sai ya cinye duka. A hanyar gida Bashar ya ce mini ya fasa tseren, gobe zai wuni a kan aikin. Ban hana shi ba, don raina na son hakan. Amma da maganar ta kai kunnen Yaya Tumba sai ta ce a kira mata shi.

Ta ce, "Ku nawa kunka zaka?"

Ya ce, "Uku, Kaka."

"In ka zauna su biyun fa?"

"Sun fasa ke nan."

Ta ce, "Yarinyar ga ta baro marasa lafiya, yaron ga ya baro komar kifinai, don kai. Tashi ka tai ka yi gudunka. Idona ya yi haƙurin shekaru, ya yi na kwana guda. In ka dawo da sauran rana, to. In ba ka dawo ba, Allah bai nufa ba."

Ni dai na san in sunka dawo a makare ba gyara, don dole mu ƙetare iyaka kafin a sauke sanda da yamma. Kuma na san tafiya irin wannan ba kullum ake samun ta ba.

Da safe matar ɗan Tumba ta raka ni bakin kogi kallon tashi. Na ga taro. Mutanen Yamai, na Kwatano, na Legas, da Turawa jajaye, maza da gajerun wanduna matsattsu har sai da na kawar da kai. Ladi kam dogon wando ta sa da ɗankwali ɗaure tam. Kowa da ƙullin ruwa a baya da bututu a baki kamar mai shan magani. Anka busa usur, sunka zuba a guje zuwa jirage. Lawali ya riga kowa, ya tsaya a ƙarshen jirgi tsaye yadda ake yi a gida, yana ɗaga wa mutane hannu. Ba su yi nisa ba ruwan ya kama hancin jirgin ya juya shi. Kwara ba gulbin Argungu ba ce. Sai ga ɗan masunta a ruwa, ƙafafu sama, ya ja sauran biyun sun bi shi. Wurin ba zurfi, sunka miƙe ruwa iya ƙirji. Ina jin muryar Ladi har inda nake: "Ruwan da ya san kakanka ke nan?" Sunka kwashe ruwan da ƙwarya sunka sake hawa, wannan karon kowa a zaune. Na bi su da ido har sunka sha kwana.

Wunin nan ban iya zama ba. Da la'asar sai ga Mushe Idirisa da kansa da hoto a ambulan, fuskarsa cike da murna, wai ya hutar da Bashar, ya zana zanen da hannunsa. Allah ya sa a zaure na tare shi. Na duba. Bawan Allah ya yi ƙoƙari, amma ya ja layukan baƙi ƙirin, a miƙe, daga sama zuwa ƙasa, kamar kyanwa ta yakushe ta. Na ce, "Ɗana, Allah shi yi maka albarka, amma wannan ka raba ta da danginta gaba ɗaya. Mai da shi kada Yaya ta gani." Bai ji haushi ba. Ya ce gobe yana nan.

Washegari tun hantsi muna filin lakwal. Ƙungiyoyi na isowa uku-uku, wasu da gudu, wasu da ɗingishi, ana tafa musu. Namu shiru. Rana ta hau. Malam Sada sai kai da kawowa yake yana duba agogo, tsiyar ma ta ƙare masa. Ya zo ya tsuguna kusa da ni ya ce, "Hajiya, in ta kama, zan taka mota yadda ban taɓa ba. Amma sanda in ta sauka ta sauka." Na ce na sani. Ina ta jan carbi. Anka yi azahar, gari ya mutu kamar yadda sunka saba.

Sai can na hango su. Ladi a gaba tana tura kekenta, Lawali na bin ta, Bashar a baya da nasa keken a kafaɗa. Ƙahon nan da dattijon Kangiwa ya ƙi lamuni, shi ya karye a cikin duwatsu, sunka ƙarasa da ƙafa su duka, tunda ba a rabuwa. Su ne kusan na ƙarshe. Sunka tsallake layin riƙe da hannun juna, laka har gira, ƙaya a ko'ina, suna dariya kamar waɗanda anka ba sarauta. Ban gane daɗin abin ba, amma na ga daɗin a fuskarsu, wannan kuwa ba a ƙaryarsa.

Bashar bai ko zauna ba. Ya ce, "Amarya, na samo shi. Ina ɗauke da keken nan ya zo mini. Ina ta so in koya masa ya bambance zane da tsagewa, ba zai taɓa iyawa ba. Ba aikinsa ba ne. Mutum ne zai kewaye wuri ya ce masa, nan kada ka taɓa."

Na ce, "To mu tafi, ango, rana na gudu."

Na ɗauka za mu iske shagon a rufe. Sai ga Mushe Idirisa zaune a ƙofa da maɓalli a hannu, shi kaɗai a duk layin, ya ce yau ya yafe barcin. Hannun Bashar duk ya yi bororo saboda tuƙin jirgi, yatsun sun ƙi lanƙwasa. Ladi ta wanke ta naɗe masa, ya riƙa danna maɓallan da yatsa ɗaya-ɗaya kamar kaza na tsattsagar gero. Ya daɗe. Ya gwada, abu ya ƙi, ya yi tsaki, ya sake. Malam Sada ya leƙo ya koma, ya sake leƙowa. Can Bashar ya ce goyo ya ɗauru.

Anka sake sa tsohon hoton, anka buɗe kuncin Inna ya cika gilashin kwamfutar. Ga layuka nan birjik, wasu na wanzami, wasu na ambaliya, duk sun haɗe. Sai sunka zaunar da ni a kan kujera kusa da kwamfutar, sunka haska mini fitila, tunda gidan wanzamai ɗaya ne sunka yi mana zane ni da Inna. Su dubi kuncina, su dubi nata. "Wannan ya tashi daga baki, nata ne." "Wannan ya ratso ta hanci, na ruwa ne." Mushe Idirisa na kewayewa, Bashar na faɗa. Rabon da maza su ƙura mini ido haka tun ina amarya ta gaske. Na ce su yi sauri kafin in fara jin kunya.

Da anka saki ɗan goyo, ya share na ruwa ya bar na wanzami. Bashar ya ɗan ƙara musu duhu kaɗan yadda ido mai rauni zai kama. Inji ya turo takardar a hankali. Wannan karon ban yarda da zuciyata ba, na sa yatsa na bi layukan ɗaya bayan ɗaya, sannan anka sa wa hoton gilashi. Bashar ya bar wa Mushe Idirisa sabon ɗan goyon, ya ce in mun koma zai aika wa sauran masu hoto duka, kuma don Allah in an ga wani abu a riƙa faɗa.

Munka isa gida rana ta karkata. Mota na ƙofa, kaya a ɗaure. Yaya Tumba na inda na bar ta. Na miƙa mata hoton. Ta fara daga ɗankwali, kamar shekaranjiya. Goshi. Idanu.  Ta gangaro kunci. Kanta ya riƙa tafiya a hankali daga gefen baki zuwa kunne, ya dawo, ya sake bin wani layin, ya dawo. Ta koma ɗaya gefen ta yi haka. Sannan ta ce, da wata ƙaramar murya da rabona da ji tun muna kwana ɗaki ɗaya a Argungu, "Inna, sannu da zuwa."

Ta ce wa ɗanta kada ya rataye shi sama inda ake rataye hotuna. Ya kafa ƙusa ƙasa-ƙasa, daidai kanta in tana zaune, a bangon da rana ke fara bugawa. Ta laluba ta kamo hannun Bashar mai naɗi, ta tofa masa addu'a, ta ce, "An ce kai ne na ƙarshe a gudun."

Ya ce, "Kusan na ƙarshe, Kaka."

Ta ce, "Ka iso dai."

Malam Sada ya danna ham. Na tashi na yi mata sallama, na ce sai Allah ya sake haɗa mu. Ta amsa, amma ba ta juyo ba. Kun san al'adarmu, baƙon da ya zo daga nesa ana raka shi har bakin hanya, balle ƙanwa. Yaya Tumba ko zaure ba ta taka ba. Da na waiwaya daga bakin ƙofa, tana nan zaune, hancinta kusan a jikin gilashi, ta koma kan ɗankwali ta sake farowa.

Mun iske sanda a ɗage, mun kwana gida. Na yi tafiye-tafiye a rayuwata, an raka ni da goro, an raka ni da kuka. Ban taɓa jin daɗin rakiya kamar yadda na ji daɗin rashin wannan ba.